Yadda Ƙwallon Amurka ta Kusa Raba Ni da Ƙafata

Ni haifaffen Zariya ne, kuma tun ina ƙaramar sakandare sunana na yanka ya ɓace, kowa Dogo yake ce mini. Wanda ya san Zariya ya san gari ne na ƙwallon kwando. A nan Masai Ujiri ya tashi, mutumin da daga baya ya jagoranci Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019. Saboda haka yaro mai tsawo irina ba ya rasa mai jan hannunsa zuwa fili. Kwandon ne ya kai ni wani sansanin horo a Legas, daga can aka samar mini gurbin karatu kyauta a wata sakandare da ke kudancin Amurka. A 2011 na tafi, ina ɗan shekara 16, aka sauke ni a gidan wasu Turawa mata da miji waɗanda suka riƙe ni riƙon ɗa. Har yau Mama nake ce wa matar.

Ban daɗe ba kocin ƙwallon Amurka na makarantar ya tare ni a ɗakin cin abinci, ya ƙare mini kallo tun daga kai har ƙafa, ya ce wannan ƙirar tawa asara ce a bar ta a kwando. Lokacin ko doka ɗaya ta wasan ban sani ba. A hankali na gane kansa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su wasu huɗun. Akwai mai jefa ƙwallo, wanda shi ne uban tafiya, a gabansa kuma ƙarti biyar da aikinsu kawai su hana a kai gare shi, ko su buɗa wa mai gudu hanya. Cikin biyar ɗin nan aka sa ni, a gefe. Aka ce in ci abinci, in ɗaga ƙarfe. Na shiga Amurka siriri, na ci gaba da wasan a jami'a, na fita ina da nauyin kilo 140, kuma a wannan matsayi wannan nauyin ba abin a-zo-a-gani ba ne, kusan kowa haka yake.

Mai kallo daga nesa yana ganin hular kwano da sulken kafaɗa sai ya ɗauka an rufe mutum ruf. Daga ƙugu zuwa sama ne aka rufe. Gwiwa ɗan soso ne kawai a kanta. Takalmin kuma yana da haƙora a ƙasa don ya kama fili, to idan ya kama da kyau, jiki ya juya ko aka buge shi, ƙafar ba ta bi. Abin da ke tsakani shi ke biyan bashin, ko gwiwa ko ƙwauri ko idon sawu. Mu 'yan layin gaba, wanda ke gabanka ba shi ne abin tsoro ba, domin kana ganinsa. Abin tsoron shi ne wanda zai faɗo maka a ƙafa ta gefe ko ta baya alhali ka kafe ta a ƙasa kana tura wani ƙato.

Duk mun san da haka, ba a dai maganarsa ne. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ranar 29 ga Oktoba, 2017, muna zaune mu da yawa muna kallon wasan Chicago Bears da New Orleans Saints. Zach Miller na Bears ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a gidan ci, ya dira a kan ƙafar hagu, gwiwar ta lanƙwashe ta inda Allah bai yi ta ta lanƙwashe ba. Da aka fara maimaita hoton, wani daga cikinmu ya tashi ya sauya tasha, kuma babu wanda ya ce masa don me. Daga baya muka ji cewa jijiyar jinin bayan gwiwarsa ta yage, an yi masa tiyatar gaggawa don kada a yanke ƙafar. Abin takaici, alƙalan wasa ma soke cin suka yi, suka ce bai riƙe ƙwallon har ƙarshe ba. Washegari muka sa kayanmu muka fita atisaye.

A watan Afrilun 2018 ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suka zaɓi sababbin 'yan wasa 256 daga jami'o'i. Babu sunana. Amma a daren da aka rufe zaɓen wakilina ya kira ni ya ce wata ƙungiya tana so in zo sansaninta. A takarda kwantiragin shekara uku ne, albashin shekarar farko dala 480,000, mafi ƙarancin abin da ake biyan sabon shiga a lokacin. A zahiri kuwa ɗan kuɗin sa hannu ne kawai nawa. Sauran sai in na tsallake tankaɗe da rairaya, domin mutum 90 ake tarawa a sansani, 53 ake ɗauka. Kafin labarin ya isa Zariya ya riga ya yi ƙiba: Dogo ya zama miloniya a dala. Na aika kuɗin ragon layya da na ɗinkin Sallah, na ce wa Yaya ya riƙa rage wa mutane zancen.

Raunina ba a talabijin ya faru ba. Da safe ne a filin atisaye, tsakiyar Agusta, saura 'yan kwanaki Babbar Sallah. Wasan gudu aka kira ta ɓangarena. Na sa hannu a ƙirjin wanda ke gabana, na kafe ƙafar hagu ina tura shi, sai wani da aka hankaɗo daga ciki ya faɗo da dukkan nauyinsa a kan gwiwar. Ina sanye da ƙarfen kariya na gwiwa irin wanda muke ɗaurawa, bai hana komai ba. Na ji ƙara a cikin jikina, ba a kunne ba. Da na ɗaga kai daga ƙasa sai na ga cinyata tana kallon gabas, ƙwaurina yana kallon wani wuri daban. Zafin bai zo nan take ba. Abin da na fara ji shi ne bakina yana ta maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, da muryar wanda ya faɗo mini yana ihu yana kiran masu magani, ya dafe kansa da hannu biyu.

'Yan wasa suka cire huluna suka durƙusa a gwiwa ɗaya, kamar yadda aka saba. Bayan ɗan lokaci na ji usur, koci ya matsar da atisayen can gaba, aka ci gaba da wasa ina kwance. Mutane a gida in na ba su wannan labarin sai ransu ya ɓaci. Ni bai ɓata mini ba, don ni ma an sha matsar da ni gaba ana barin wani a kwance. Haka sana'ar take.

Cikin masu kula da lafiyarmu akwai wata matashiya, ba ta fi sa'ar ƙanwata ba. Likita ya ja ƙafar ya mayar da gwiwar mazauninta a nan filin, a nan ne zafin ya iso gaba ɗaya, har na ga duhu. Kowa ya ɗan sauke ajiyar zuciya ganin ƙafar ta miƙe. Ita kuwa sai ta yanke igiyar takalmina da almakashi, ta zare safa, ta ɗora yatsu biyu a bayan tafin ƙafata, ta mayar da su bayan idon sawu, ta sake dawowa. Ta taɓa ƙafar dama, ta koma ta hagu. Ta ce a miƙo mata wata 'yar na'ura mai sauraron gudun jini, ta shafa mai, ta ɗora. A ƙafar dama na'urar tana huci a kai a kai. A ta hagu shiru. Ba ta ce mini komai ba, ta dai juya ta ce wa likitan a kira asibiti a ce su tanadi likitan jijiyoyin jini kafin mu iso.

Sai daga baya na fahimci abin da ta gani. Babbar jijiyar da ke kai jini ƙasan ƙafa ta bayan gwiwa take wucewa, kuma a ɗaure take sama da ƙasa, ba ta da wurin gocewa. Idan ƙashin ƙwauri ya fita daga mazauninsa sai ya ja ta, ko ta tsinke ko cikinta ya yage jini ya daskare ya toshe ta. Daga wannan lokacin an fara lissafi. In aka wuce awa 6 zuwa 8 jini bai koma ba, naman ƙafar ya fara mutuwa, kuma galibi yankewa ake yi. Mugun abin shi ne gwiwar tana iya komawa da kanta, a waje a ga kamar targaɗe ne babba, alhali ƙafar tana mutuwa a ciki.

A asibiti aka ɗauki hoton jijiyoyin, likitan ya zo da takarda. Dattijo ne, ba ya kwana-kwana. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa ya ceci ƙafar, amma in sa hannu cewa in ya buɗe ya ga ba ta cetuwa, na yarda ya yanke. Na roƙi minti biyu na kira Yaya.

"Yaya, na ji ciwo a wurin wasa, za a shiga da ni tiyata yanzu. Kada ka gaya wa Umma tukuna."

"Subhanallahi. Karaya ce?"

"Ta fi karaya. Ka dai sa a yi mini addu'a a masallaci."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Yana tare da kai, Dogo. Ka yi ta Hasbunallahu." Na sa hannu.

Da na farfaɗo, Mama ce zaune a gefen gado, ta yi tuƙin dare ta zo. Kafin in buɗe baki ta ce, "Tana nan." An ciro jijiya daga ƙafata ta dama an yi wa ta hagu gada da ita. An huda ƙashin cinya da na ƙwauri an zura ƙusoshi, an haɗa su da sandunan ƙarfe ta waje don kada gwiwar ta motsa ta tsinka ɗinkin. Sannan an tsaga ƙwaurin ta gefe biyu, tun daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu, an bar shi a buɗe. Dalili kuwa, naman da ya daɗe babu jini in jinin ya dawo kumbura yake yi, in ba a ba shi wuri ba sai ya shaƙe kansa ya mutu. Ranar da aka fara canza mini bandeji na leƙa, ranar Sallah ce kuwa, abin da na gani bai da maraba da cinyar ragon layya da aka feɗe aka rataye. Ban sake leƙawa ba sai da aka yanko fata daga cinyata aka rufe wurin.

Nas-nas suka zana alama da biro a bayan ƙafata, daidai inda ake jin bugun jini. Dare da rana, kowace awa, sai wata ta shigo da 'yar na'urar nan ta ɗora a kan alamar. Ba na iya barci sai na ji hucin.

Ranar Sallar ce Yaya ya haɗa ni da Umma ta bidiyo. Na sa an ja bargo an rufe ƙarafan, amma uwa ba a yi mata wannan dabarar. Ta ce, "Babana, ɗaga mayafin nan in gani." Da ta gani ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce Allah Ya sa kaffara ce, ta miƙa wa Kawu wayar. Kawu kuwa da shirinsa ya zo. Ya ce a sa ni a jirgi a dawo da ni, akwai maɗori a wani ƙauye kusa da mu wanda ko ƙashi ya zama gari yana haɗa shi, Turawa ba su san komai ba sai yanka. Ba na raina maɗora. Ina yaro na faɗo daga bishiyar mangwaro, maɗori ne ya gyara mini hannu, ga shi nan garau. Amma na yi ta ƙoƙarin fahimtar da Kawu cewa ni ƙashina ko tsagewa bai yi ba. Cikin jijiyoyi huɗu da ke ɗaure gwiwa uku sun tsinke, har da wadda masu kallon ƙwallo suka sani da ACL, ga jijiyar jini, ga jijiyar da ke kai saƙon motsi. Babu abin da kara da tsumma za su ɗaure a nan, ɗaurin ma shi zai ƙarasa ƙafar. Kawu bai gamsu ba, har yau yana ganin da an bi tasa da ban yi ɗingishi ba. Umma ta raba gardamar, ta ce a bar ni inda nake, ita za ta aiko da nata. Ta aiko da rubutu da man habbatus sauda ta hannun wani mai zuwa. Na sha, na shafa inda babu ciwo.

Bayan jijiyar jinin ta kama, aka cire ƙarafan, aka zo maganar gyaran gwiwar kanta. Likitan ƙashi ya ce abin da ya tsinke ya yi yawa, jikina ba zai wadatar da abin faci ba, sai an haɗa da jijiyar wani mamaci da ya yi wasiyyar a amfana da jikinsa. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata. Na kira limamin masallacin da nake zuwa, wani bawan Allah ɗan Sudan, ya zo har gida. Ya ce malamai da yawa na wannan zamani sun halatta irin wannan in akwai lalura kuma mai jikin ya yarda, ba saye aka yi ba. Ban san ko wane ne ba, namiji ko mace, ba a faɗa. Ina dai tafiya da wani abu nasa a gwiwata, kuma ina tuna shi.

Abin da tiyata ba ta iya gyarawa ba shi ne jijiyar motsi da ke zagaye ta gefen gwiwa ta waje, wadda ke ɗaga tafin ƙafa sama. Ta ja har ta lalace. Sai ƙafar ta zama a sake, yatsu suna kallon ƙasa. In ce mata ta ɗago, ko gezau. Aka ce jijiya irin wannan in za ta farfaɗo, kamar milimita ɗaya take tsirowa a rana, sai a yi haƙuri a gani. Aka yi mini wani takalmin roba mai tauri da ke bi ta bayan ƙwauri ya tallafe tafin. In na cire shi, tafiyata sai an ji ta daga nesa, ƙafar tana faɗuwa ƙasa fat, fat. Silifa kuwa na yi sallama da shi, don zamewa yake yi ban sani ba. Da aka ga jijiyar ba ta dawo ba, sai aka ciro wata agara mai lafiya daga cikin ƙafar aka juyo da ita ta sama aka dasa, ta karɓi aikin ɗagawar. Sai da na koya wa ƙwaƙwalwata cewa abin da a da yake karkatar da ƙafa ciki, yanzu shi ne mai ɗaga ta.

Wurin gashin ƙashi nan ne na san ciwo. Gwiwar da ta daɗe a miƙe tabo yake cika ta, ta ƙi lanƙwasuwa. Kullum sai in kwanta rub da ciki, mai gashin ta kama dunduniyata tana turawa wajen cinya, tana aunawa da wani ma'auni mai nuna digiri. Ƙato mai kilo 140 yana cizon tawul yana hawaye, mace mai rabin nauyinsa tana cewa saura kaɗan. Ta tambaye ni burina, tana jiran in ce komawa fili. Na ce ina so in zauna zaman tahiya. Ba ta gane ba sai da na nuna mata hoto, ta duba ta ce wannan yana buƙatar gwiwa ta naɗe kusan gaba ɗaya, ba za ta yi mini alkawari ba. Ta yi gaskiya. Na wuce digiri 90, na kai wajen 120, a nan ta tsaya. A kan kujera nake sallah har yanzu.

Ƙwayoyin kashe zafi kuma wani yaƙin ne. Irin masu ƙarfin nan ne da suka hallaka dubban mutane a Amurka, 'yan uwan tramadol da kodin da suka addabi matasanmu a gida. Suna kashe zafin ƙafa, su haɗa da na zuciya, kuma na biyun ne tarkon. Mama ta karɓe kwalbar ta kulle a ɗakinta, ita ke ba ni a kan lokaci, tana ragewa kamar yadda likita ya tsara. Akwai daren da na yi mata magiya, ta zauna a bakin ƙofa ta ce a'a har gari ya waye. Allah Ya saka mata da alheri, Ya shirye ta.

Ina cikin wannan hali, ranar 18 ga Nuwamba, 2018, ina kwance a falo da ƙafa a kan matashi, na ga Alex Smith, mai jefa ƙwallo na Washington, ya faɗi a ƙarƙashin 'yan Houston Texans biyu, Kareem Jackson da J.J. Watt. Ƙasusuwan ƙwaurinsa na dama biyu suka karye a murɗe, har ƙashi ya huda fata. Masu sharhi suka shiga lissafi: rana mai kamar ta yau a 1985, shekara 33 cif, Joe Theismann, shi ma mai jefa ƙwallo na Washington, ya karye a wannan ƙafar a hannun Lawrence Taylor na New York Giants, kuma daga ranar bai sake buga wasa ba. Theismann ɗin ma yana cikin filin yana kallo. Wasannin biyu duk 23 da 21 aka tashi. Mutane suna ta mamakin wannan daidaito, ni kuwa ƙafar kawai nake tunani. Ta Smith ta fi tawa muni daga baya, domin ƙwayoyin cuta masu cin nama sun shiga ciwon, suka bi jininsa, sai da aka koma neman ceton ransa kafin ƙafar. Tiyata 17 aka yi masa. Bayan kwana biyar da faɗuwarsa, wani yaro ɗan jami'ar Central Florida, McKenzie Milton, ya samu irin nawa sak, gocewar gwiwa da jijiyar jini. Wannan makon ban ci abincin kirki ba.

Ta fuskar kuɗi ba zan ce an cuce ni ba. An sa ni a jerin masu jinya, an biya ni albashin shekarar a kan ragin da kwantiragin ya tanada ga wanda ya ji ciwo, an biya asibiti. Bayan haraji da kason wakili, abin da ya rage ya fi ƙarfin abin da Baba ya tara a duk shekarun aikinsa, wannan gaskiya ne. Amma shi ke nan, na farko kuma na ƙarshe. Da bazara ta zo likitan ƙungiya ya duba ni ya rubuta cewa ban cancanci wasa ba, aka sallame ni ta waya, aka aiko mini da tarkacen akwatina a kwali. Fansho a NFL sai wanda ya cika kaka uku, kuma matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai fi shekara uku da 'yan kai ba, ka ga da yawa a bakin ƙofar suke tsayawa. Smith kuwa ya faɗi ne yana da sabon kwantiragin dala miliyan 94, wanda aka lamunce masa miliyan 71 a ciki. Ba hassada nake yi ba, ya yi shekaru yana yi wa wannan kuɗin aiki. Ina faɗa ne don a san ƙafa ɗaya ce, amma faɗuwar ba ɗaya ba ce. Takardar zamana ma a kan aikin take, da aikin ya tafi sai da na koma jami'a karatun digiri na biyu kafin na samu natsuwa. A gida kuwa buƙatu ba su tsaya ba, sai da Baba ya tara dangi ya ce duk mai son wani abu wurin Dogo ya biyo ta kansa.

Ranar 11 ga Oktoba, 2020, Alex Smith ya sake shiga fili a wasa da Los Angeles Rams, ana ruwan sama, matarsa da 'ya'yansa suna tsaye suna tafi. Sau shida aka kayar da shi a wasan, har Aaron Donald, wani ƙaton ɗan Rams, ya ɗare bayansa, ƙafar ta ɗauka. Na yi murna har na yi ƙwalla. A wannan yammacin dai, idon sawun Dak Prescott, mai jefa ƙwallo na Dallas Cowboys, ya karye ya goce, aka fitar da shi a mota yana kuka. Wayata ta cika da saƙonni, kuma duk bidiyon Smith ake turo mini: ka gani, kai ma za ka iya, kada ka karaya. Babu wanda ya turo na Prescott.

Na san da alheri suke nufi, amma labarin wanda ya dawo nauyi ne a kan wanda bai dawo ba, kamar dai shi bai yi ƙoƙari ba ne. Zach Miller ya yi ƙoƙari, a 2019 ya haƙura ya yi ritaya. Marcus Lattimore, wanda gwiwarsa ta goce a jami'ar South Carolina a 2012, San Francisco 49ers ta ɗauke shi a 2013 duk da haka, ya yi ta fama, ya ajiye a 2014 bai buga ko wasa ɗaya ba. Smith kansa da takalmin tallafi ya dawo, don shi ma tafin ƙafarsa ya saki, kuma da aka ba shi kyautar gwarzon da ya farfaɗo na kakar 2020, a watan Afrilun 2021 ya yi sallama da wasan.

Hukumar gasar tana gyara dokoki, ba a ce ba ta yi. A 2005 ta hana fizgo mutum ta wuyan riga daga baya, bayan da aka karya Terrell Owens ta haka. A 2024 ta hana rungumar mutum a saki nauyi a kan ƙafafunsa ta baya. Ƙungiyar 'yan wasa ta daɗe tana neman a cire ciyawar roba a koma ta gaske, don ta roba ba ta sakin takalmi. Duk ina goyon baya. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da zai hana abin da ya same ni, domin babu wanda ya karya doka ranar. Wanda ya faɗo mini ma ba a ɗauke shi ba, yanzu dillancin gidaje yake yi, kuma duk shekara in watan Agusta ya kama sai ya kira ni.

Tun da NFL ta fara zuwa Afirka neman yara, musamman bayan sansanin da Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya, ya jagoranta a Accra a 2022, samari daga Kaduna da Kano da zangon Kumasi suke nemana, suna turo hoton tsayinsu da faɗin kafaɗarsu. Ba na hana kowa, wasan nan ya ba ni digiri biyu ba da sisin Baba ba. Nakan dai tura musu hoton ƙwaurina kafin mu fara magana. Wasu ba sa sake rubutowa, wasu kuma su ce Yaya Dogo, kowa da ƙaddararsa, ni kuma in ce haka ne, sai mu ci gaba.

Yanzu ina aiki a wani wurin da ake ƙera takalman tallafi da ƙafafun roba, yawancin masu zuwa tsofaffin sojoji ne da masu ciwon suga. Na rage nauyi sosai, saboda kowane kilo gwiwar ce ke ɗaukarsa. Duk shekara ana duba gadar jijiyar da aka yi mini a ga ko tana nan a buɗe, kuma alhamdu lillahi tana nan. Guringuntsin gwiwar ne ya fara cinyewa, lokacin sanyi sai na daɗe a bakin gado kafin in taka. Likita ya ce sauya gwiwa da ta ƙarfe yana nan tafe, yana so ne kawai a ja lokaci tunda ta ƙarfen ma tana da wa'adi. Na tambaye shi maganar aikin Hajji, ya ce in ina da niyya gara in yi tun wannan tana ɗaukata, in sa safar matsi a jirgi saboda daskarewar jini, in kuma nemi keke a ɗawafi da sa'ayi in tafiyar ta yi yawa. Na biya wa Umma kujera, Yaya zai rako ta daga gida, ni kuma in taso daga nan mu haɗu a Madina in Allah Ya yarda.